Majinginin Bindigar Yayana

Ba a wajen harbi na fara lura da hannun Yaya ba, a wajen shan shayi ne. Mu a gidanmu da ɗan ƙaramin kofin gilashi muke sha, irin wanda ake ɗorawa a kan ɗan faranti, kuma kofin nan ba ya rufa wa kowa asiri. Wata la'asar a gidansa na unguwar Aziziyya, nan ƙasa mai tsarki, matarsa ta miƙa masa, sai na ji kofin yana bugun farantin a hankali, kas, kas, kas. Ya yi maza ya ajiye farantin, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya ce shayin ya cika zafi. Matarsa ta dube ni, ni kuma na dubi bango.

Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni wajen wanda ya koya mini ɗinkin matasai da katifun majalisi, wato na falon zama, sana'ar da nake ci da ita har yau. Ni ne auta, kuma ko da na yi furfura bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. Sana'arsa tuƙi. Duk shekara in aikin Hajji ya zo yakan ja babbar bas ta wani kamfani, ya kwashi alhazai daga Aziziyya zuwa Mina, daga Mina zuwa Arfa, ya dawo da su. Mutum hamsin ne a bayansa kowane sawu, yawancinsu tsofaffi, wasu suna gyangyaɗi, wasu suna talbiyya, duk sun miƙa wuya ga hannu biyu da ke kan sitiyari. A shekarar da nake ba da labari saura wata biyu aikin Hajji, kamfanin kuma ya tsayar da wata Alhamis, ya ce direbobin da za su yi aiki su sa hannu a takardar aiki kafin ta wuce.

Bayan jini, abin da ya haɗa ni da Yaya shi ne harbin takarda. Kakanmu maharbi ne a ƙasar Kano kafin ya taho nan da ƙafa. Ana cewa da ya iso alamar iyakar Harami sai ya kwance kwarinsa ya ba wani makiyayi, bai sake ɗana baka ba har ya rasu a unguwar Jarwal. A kan haka Baba ya tashe mu: cikin Harami ko tantabara ba a firgita ta, balle a auna ta da makami. Amma jinin bai bar Yaya ba. Ya sayi saktun, wato bindigar iska mai madubin saiti a kanta, ya yi mata takardunta, ya ajiye ta a kulle a istirahar wani abokinsa, wani ɗan lambu mai katanga da ke bayan iyaka, a hanyar Ɗa'if. Duk Asabar mukan je. Akwai benci na siminti a ƙarƙashin rumfa, taku talatin daga nan kuma akwai allon katako da muke manna takarda mai da'irori.

Yaya kan zuba 'ya'yan dalma biyar a wuri ɗaya, ya taka har wurin allon, ya zaro riyal na ƙarfe daga aljihu ya ɗora a kai, ramukan duka su ɓace a ƙarƙashinsa. Ni kuwa mai harbin katanga yake ce mini. Yakan ce in dai ina riƙe da bindiga, wurin da ya fi aminci a duk lambun shi ne tsakiyar takardar.

Abin da nake taƙama da shi a wurin nan shi ne matasan da yake jingina bindigar a kansu, don ni na ɗinka su. Guda biyu ne, da ragowar fatar wata kujera. Na gaba mai faɗi ne, da kwari a tsakiya inda bindigar ke kwanciya. Na baya ƙarami ne mai kunnuwa biyu, gindin bindigar ke zama a tsakaninsu, mai harbi ya riƙa matsa shi da hannun hagu in yana son bakin ya sauka ko ya tashi. Yashin cikinsu ma yana da labari. A ƙofar shagona akwai tulin yashin masu gini, amma ban ɗiba ba, saboda Baba ya hana mu fitar da ƙasar Harami zuwa waje, ko da cikin tafin hannu ce. Sai da na je kwarin da ke bayan istirahar na ɗebo, na tankaɗe da rariya, na shanya, na ɗura da mazurari, na ɗinke bakin sau biyu. Shekara shida suna aiki, ƙwayar yashi ɗaya ba ta zuba ba.

Daga baya harbin Yaya ya fara watsewa. Da farko riyal ya kasa rufe ramukan, sannan tafin hannu ma ya kasa. Ya ce madubin ne ya goce, ya kwance ya ɗaure. Ya ce 'ya'yan dalmar ne ba su da kyau, ya canza gwangwani. Ya ce iska ce, ranar da ko ganyen dabino ba ya motsi. Ni dai ina zaune ina cewa haka ne, Yaya.

Wata safiya matarsa ta kira ni a waya, ta yi ƙasa da murya.

"Kai ne kaɗai yake ɗan saurara. Wallahi yanzu maɓallin rigarsa ni nake saka masa. Na ce mu je mustashfa likita ya duba shi, ya ce in na sake faɗa zai koma cin abinci a waje. Kuma ka san zai sa hannun nan."

Na sani. Kwana uku kafin nan ina gefensa a motarsa, mun shiga ɗaya daga ramukan da aka fasa cikin dutse don motoci su ratsa, hanya tana gangara. Na ga hannunsa na dama yana kaɗawa a kan sitiyari, motar ta ɗan karkata wajen bango, na bayanmu ya danna mana oda. Yaya ya ɗago gwiwa ya tokare sitiyarin da ita, ya zagi masu gyaran titi. Tun daga ranar in na rufe ido bas nake gani a cikin ramin nan, cike da fararen kaya.

Na gwada yi masa magana sau ɗaya. Ban ma kai ƙarshe ba ya ce, "Yaushe ka zama likita, Auta? Allura da zare ka sani, ka tsaya a kansu." Na yi tunanin in je kamfanin a ɓoye. Na san in na yi haka na rasa shi ke nan har abada, kuma gaskiya tsoron wannan ya fi ƙarfina.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya watsa biyar, ɗaya ma ba ta sami takardar ba. Ya ɗaga bindigar, ya danna matashin gaba da yatsa, ya ture shi gefe.

"Matasan nan naka sun saki. Yashin ya mutu. Shi ya sa take yawo. Jibi mu je mu sayi masnad na gaske, majingini irin na masu abin."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. A zagi ɗinkina a gabana, kuma a kan ƙarya. Amma kafin mu kai mota wani tunani ya zo mini. In dai majingini za a saya, to akwai irin wanda zai fito da gaskiya fili, ba sai na buɗe baki ba. Na ji daɗin wayona ƙwarai a hanyar gida.

Ranar Litinin da hantsi muka je wani shagon kayan zango da farauta. Mai shagon ɗan uwanmu ne, jikan Hausawa, mutum mai kamar shekara arba'in, Hausarsa ta kusa ƙarewa sai gaisuwa da 'yan kalmomi, sauran duk Larabci. Ya jera mana iri uku a kan kanta, ya kawo wata bindigar gwaji da babu komai a cikinta.

Na farko matasai ne irin nawa, na kamfani, da wani kaurin yadi baƙi. Na juya ɗaya na duba ɗinkin, layi ɗaya tal, na ajiye. Yaya ko kallonsu bai yi ba.

Na biyu ƙarfe ne mai ƙafa uku kamar murhu, da ɗan matashi a samansa, da wani ƙarfen juyawa a tsakiya da ke ɗaga shi ko sauke shi. Wannan gaban bindigar kawai yake ɗauka, gindin yana kafaɗar mai harbi. Yaya ya so shi nan take. Ya juya ƙarfen sama da ƙasa, ya yaba nauyinsa, ya ja kujera ya zauna, ya ɗora bindigar gwajin, ya kwantar da kunci. Ni da mai shagon muna tsaye muna ganin bakin bindigar yana zana 'yan da'irori a iska. Mai shagon ya kau da kai ya shiga gyara wasu fitilu da ba su buƙatar gyara.

Na uku shi ne wanda nake jira. Gadon ƙarfe ne sosai, dogo, mai nauyi. Bindigar tana kwanciya a cikinsa gaba da baya, akwai aljihu da gindin ke shiga, akwai maɗauri a gaba, akwai ƙusoshin juyawa da ake saita ta da su. Abin da ya rage wa mutum kawai ya sa ido a madubi ya taɓa kunamar bindigar.

"Wannan fa?" na tambaya, kamar yanzu na gan shi.

Mai shagon ya dafa shi. "Hada ma yikzib, Alhaji. Ba ya ƙarya. Ka ɗaure ta a nan ka harba biyar. In sun watse, laifin bindiga ne. In sun taru..." Sai ya tsaya, don ya ji inda maganarsa ta nufa. Ya ƙarasa da cewa masu gyaran madubi sun fi sayen sa.

Yaya ya sauke bindigar gwajin a hankali, ya sa hannunsa na dama a aljihu.

"Wannan ai ba harbi ba ne," ya ce. "Ko tsohuwa aka zaunar za ta samu."

"Don gwaji ne kawai, Yaya. Mu san inda matsalar take."

"Na gaya maka inda take."

"To ai shi ke nan, sai ya tabbatar."

Ya juyo ya dube ni. Tun ina yaro na san kallon nan. Ya daɗe yana yi. Na tabbata ya karanta abin da ke raina tas.

"Ɗayyib," ya ce, wato to, shi ke nan. "Kai ne masanin majingini. Zaɓa mana."

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ɗora mini abin a ka, a gaban baƙo. In na nuna mai ƙafa uku, na rufa masa asiri, ranar Alhamis ya sa hannu. In na nuna gadon ƙarfe, na ce wa yayana maƙaryaci ba tare da na furta ba. Na tuna maɓallan rigarsa, na tuna bangon ramin nan yana matsowa ta tagata. Na ɗora hannu a kan gadon ƙarfen.

"A naɗe mana wannan," Yaya ya ce wa mai shagon, ba tare da ya sake kallona ba.

Bai yarda mu jira Asabar ba. Daga shagon ya miƙe hanyar Ɗa'if, kwalin yana bayan mota yana ƙara a kowane gargada. Na zuba ido a kan titi don kar in kalli sitiyari. Da muka wuce alamar iyaka na ji kamar in ce ya juya, na fasa, a bar maganar. Ban ce ba.

Istirahar ba kowa, ranar aiki ce, kuma na gode wa Allah da haka. Yaya yana da mabuɗinsa. Rana ta take, simintin bencin ma da ke inuwa ya ɗumama. Ni na haɗa gadon ƙarfen, na daidaita ƙafafunsa har ya daina rawa. Yaya ya fito da saktun daga ma'aji, ya kwantar da ita, ya ja maɗaurin. Na je na manna sabuwar takarda na dawo. Wajen saka ɗan dalma na farko ya sha wahala, abin ƙarami ne kamar ƙwayar dawa, sau biyu yana suɓuce masa. Na yi kamar ina duba waya.

Ya juya ƙusoshin har saitin ya zauna. Ya taɓa kunama. Tas. Ya sake ɗurawa. Tas. Har biyar.

Muka taka tare zuwa allon. Rami ɗaya ne, ɗan yagagge, ɗan sama da tsakiya kaɗan. Na tsaya ina jiran ya sunkuyar da kai. Na ma shirya maganganun da zan lallashe shi da su.

Sai Yaya ya yi dariya. Dariya ta gaske, irin wadda na yi watanni ban ji ba. Ya zaro riyal ya danna a kan ramin da babban yatsa, ya dafa kafaɗata da ɗaya hannun.

"Ka gani? Ban gaya maka ba? Daga canza majingini komai ya dawo. Matasanka ne, Auta. Allah ya yi maka albarka da ka zaɓi wannan."

Nan na gane wautar da na tafka. Ni da mai shagon duk mun ɗauka abu biyu ne kawai a cikin maganar, bindiga da hannu. Mun manta na uku, wanda shi ne Yaya ya ɗora wa laifi tun farko. Gadon ƙarfe ya wanke bindiga, ya kuma ɗauke hannun daga lissafi gaba ɗaya, ya bar matasaina su kaɗai a tsaye. Da hannuna na gina masa ƙofar fita, har da ɗaukar kwalin zuwa mota.

Ya koma rumfa yana tafiya kamar saurayi. Ya ciro waya.

"Bari in kira mushrif ɗinmu, shugaban direbobi, in ce masa gobe ina tafe sa hannu. Ba sai Alhamis ba."

Ban san lokacin da na nufi ma'ajin ba. Matasaina suna ƙasa, inda ya jefa su ranar Asabar. Na rungumo su, na zo na dire a kan bencin, na fara kwance maɗaurin gadon ƙarfen.

"Me kake yi?"

"Zan gwada su."

"An gama gwaji. Mayar da su."

"Ni zan harba, Yaya. A kansu."

"Na ce ka mayar."

A rayuwata ban taɓa jin ya faɗi abu sau biyu na ƙi ba. Na ture gadon ƙarfen gefe, ya yi ƙara a kan siminti. Na ajiye matashin gaba, na buga shi da tafi ya zauna, na sa na baya. Na je na canza takarda. Duk wannan yana tsaye da waya a hannu, bai kira ba, bai kuma mayar da ita aljihu ba.

Da na zauna sai wani tsoron ya zo mini, wanda ya fi na farko. Ni ne fa mai harbin katanga. In na watsa su, kamar yadda na saba, to na tabbatar masa da maganarsa da hannuna, kuma babu sauran abin da zan iya cewa har bas ta tashi. Rayukan mutum hamsin da ban san su ba sun dawo kan harbin mutumin da bai taɓa iya harbi ba. Gumi yana shiga mini ido.

Na kwantar da bindigar a kwarin matashin gaba, na zaunar da gindin tsakanin kunnuwan na baya. Na tuno duk abin da ya shekara shida yana faɗa mini ina jinsa da rabin kunne. Kar a riƙe ta da ƙarfi, a bar yashi ya ɗauke ta. Hannun hagu a matashin baya. A saki rabin numfashi. Na matsa fatar a hankali, na ji yashin yana motsawa a ƙarƙashin yatsuna, alamar madubin ta sauko ta zauna a tsakiya.

Na farko ya shiga kusa da tsakiya. Na biyu ya zauna gefensa. A na uku na yi gaggawa, ya tafi dama da kusan yatsa biyu. Na ɗura na huɗu, na sa ido, alamar tana ta yawo, na kasa tsayar da numfashina. Na san wannan ma zai tafi.

"Kar ka fizgi kunama."

Muryarsa ce a bayana, ƙasa ƙasa, irin wadda yake yi mini kowace Asabar.

"Ɗaga kanka. Yi numfashi. Yanzu koma. Matsa ta a hankali, kamar kana tura allura a fata. Bar ta ta tashi da kanta."

Na yi yadda ya ce. Na huɗu ya koma wajen 'yan uwansa.

"Haka. Kar ka canza komai. Sake."

Na biyar ma ya shiga.

Na ci gaba da zama. Shi ya tafi wurin allon shi kaɗai, ina kallon bayansa. Ya tsaya a gaban takardar ya daɗe. Na ga ya sa hannu a aljihu ya fito da riyal ɗin, ya kai shi wajen ramukan, ƙarfen yana ƙyalli yana rawa a rana, ya kasa zaunar da shi wuri ɗaya. Ya mayar aljihu. Ya cire takardar ya dawo da ita, ya ajiye a gabana. Huɗu sun taru, gindin kofin shayi zai rufe su, ɗaya yana can gefe.

"Har yanzu ba ka iya ba," ya ce. "Dubi wannan na ukun."

"Haka ne, Yaya."

"Tashi."

Na tashi, ya zauna. Bai ɗura komai ba. Ya gyara matashin baya, ya kwantar da kunci, ya sa ido a madubi. Ni daga tsaye ina ganin bakin bindigar yana kaɗawa, shi kuma ta cikin madubin nan da ke ƙara girman komai Allah kaɗai ya san abin da yake gani. Ya yi kusan minti biyu a haka. Sannan ya ɗago, ya shafa fatar matashin gaba da bayan hannu, ya kakkaɓe ƙurar da ta hau shi.

"Ɗinkin nan sau biyu ka bi shi?"

"Sau biyu."

"Lafiyarsu ƙalau," ya ce.

Na so in ce wani abu, in ba shi haƙuri, in ce ƙila gajiya ce, ƙila magani zai yi. Ya ɗaga mini hannu ya tsayar da ni. Kunya ta kama ni kamar na ɗaga masa riga a kasuwa. Na yi abin da ya kamata, na sani, amma ban ji daɗin komai ba, kuma ba na jin akwai ranar da na fi son sa kamar ranar.

Muka kulle saktun a ma'aji. Gadon ƙarfen ya ce a bar shi nan, mai lambun ya yi abin da ya ga dama da shi. Matasan kuwa shi ya ɗauke su da kansa ya jera a kan katako, ba a ƙasa ba.

A bakin mota ya tsaya. Ya ciro wayar ya dube ta, ya mayar. Ya ciro mabuɗi. Mabuɗan suna ta ƙara a hannunsa, bai yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya miƙo mini.

"Gobe bayan sallar asuba ka zo ka kai ni mustashfa. Ita kuma uwargida ni zan gaya mata, ba kai ba. Mushrif ma ni zan kira."

"To, Yaya."

"Kuma ka bi a hankali. Tuƙinka ma bai fi harbinka ba."

Tun da na koyi mota ban taɓa tuƙa shi ba. Ya zagaya ya zauna a gefen da na saba zama, ya rasa inda zai sa ƙafafunsa, sai da ya ja kujerar baya. Na tayar, muka kama hanyar gida.

Yaya yana da al'ada. Duk sanda muka zo alamar iyaka za mu shiga Harami, yakan ɗaga hannu ɗaya daga kan sitiyari ya yi 'yar addu'a a ransa, kamar yadda Baba yake yi. A watannin nan na lura ya daina ɗagawa, leɓɓansa kawai ke motsi, hannayen biyu suna damƙe da sitiyari. Ranar da muka hango alamar sai na rage gudu. Ya ɗaga hannayensa duka biyu har daidai fuskarsa, a buɗe, suna rawa, na daman ya fi. Bai sauke su ba har muka wuce alamar da nisa, ni kuma na riƙe sitiyarin da kyau na ce amin.